Ƙwallon Tsamiya Mai Fari Biyu

Shekaranjiya jikanyata ta zubo ƙwallayen tsamiya a tabarmata, sai ƙanshin ɗanyar gyaɗa na gidanmu na Jabo ya dawo mini sabo fil.

Da kaka, in an zaunar da mu ɓarar gyaɗa bayan la'asar, kakarmu na da wasan da take hana mu gudu da shi. Sai ta share ƙasa, ta zana hanya da kara: nan Tambuwal, nan gulbi, can dajin Kebbe. Kowa ya ɗauki tsakuwa, ita ce shi. Ta dube ka ta ce, "Ga ka bakin gulbi, kura na bayanka. Mi za ka yi?" Ka faɗi dabararka, ka jefa ƙwallon tsamiyar da aka goge gefe ɗaya a dutse. Fari, ka tsira. Baƙi, tsakuwarka ta koma gefe, sai gobe.

Ni kuwa boko ya gagare ni tun aji biyu, amma wayo bai gagare ni ba. Na goge nawa ƙwallon gefe biyu.

Ashe tsohuwa ta gani. Daga ranar in na iso gulbi, sai ta ce ya ƙafe. Kura ta hango ni, ta gaishe ni, ta wuce. 'Yan'uwana na ihu, suna hawa itace, ana cinye su, suna dariya har gyaɗa na zubewa. Ni kullum in isa Kebbe lafiya, ba mai tambayata ya hanya. Kwana fuɗu na daure, na biyar na fashe da kuka.

"Maigidana, mi ya same ka? Ba ka tsira ba?"

"Ni ma kura nika so!"

Ta karɓi ƙwallona, ta ba ni nata. Na jefa. Baƙi. Aka cinye ni tun ban bar Tambuwal ba, kuma ban taɓa jin daɗin wasa irin na ranar ba.

Yanzu jikokina na da nasu wasan a takarda, wanda yayansu ya kawo daga Sakkwato, amma in sun gaji ni suke sa in zana hanya. Shekaranjiyar nan 'yar autarsu ta jefa, baƙi. Idonta ya ciko. Saura kaɗan in ce gulbi ya ƙafe, sai na tuna tsohuwa, Allah ya jiƙanta.

Na ce, "Amarya, kura ta kama zanenki. Amma ta tsufa kamar mijinki, haƙori biyu gare ta. Mi za ki yi?"

Kun ga dai, maguɗin bai gama sakina ba. Ta share hanci, ta sake ɗaukar ƙwallon.