Katin da Inna Aukje Ta Zana Min Saniya

Inna Aukje Wielinga ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, tana zaune a kujerarta ta bakin taga. Shekarunta saba'in da tara. Ta waya labarin ya same ni, daga bakin matar da ke gabana a layin kira, tsarin isar da saƙo na ƙauyenmu. Ni kuma na buga wa mutum biyun da ke bayana, yadda ta koya mana. Sai da na ajiye wayar na tuna cewa na ƙarshen layi ba shi da wadda zai koma ya faɗa wa.

Ni ce Marrit, matar Wiebe, ta gidan ƙarshe kusa da madatsar ruwa. Maƙwabciyata Renske ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Renske, yadda na faɗa za ki sa, kar ki gyara min.

Inna Aukje, abin da zan faɗa yau ke kaɗai kika sani, sai Renske da na gaya wa jiya. Ban iya karatu ba. A jirgin ruwa mai dakon yashi aka haife ni, yau muna wannan tasha gobe muna waccan, makaranta ba ta zauna min ba. Lambobi na sani, haruffa kam a'a. Shekara shida ina cewa na manta tabarau a gida. Ni da ko tabarau ban taɓa saya ba.

Kin tuna shekara uku da suka wuce, lokacin Imke ɗiyata tana wata huɗu? Aka zuro takarda ta ƙasan ƙofa, wai ruwan famfo ya gurɓace, kar a sha sai an tafasa. Na ɗauka tallar kanti ce. Kwana huɗu ina dama wa yarinya madara da ruwan nan. Wiebe yana teku wurin aiki. Amai, zawo, har idonta ya faɗa. Kwana shida muka yi a asibiti, ina riƙe da ƙafarta, ina tsoron in saki.

Da muka dawo kika zo da tukunyar miyar wake. Kika ga takardar a kan tebur, na fere dankali a kanta. Kika dube ta, kika dube ni. Na jira faɗa. Sai kika ce, "To, mun aika saƙo bai iso ba ke nan. Mu ne da gyara. Ina cokali, 'yar nan?"

Ke ce sakatariyar ƙungiyar ƙauye, shekara talatin kuma kin yi kina haɗa masu kiran waya a tashar jiragen ruwa. A taron ƙungiya kika tashi kika ce tun kafin abu ya faru ake shirya wanda zai yi magana, da abin da zai ce, da wanda zai faɗa wa. Kowa a ba shi mutum biyu ya kira da baki. In ba a ɗaga ba, ya taka ya buga ƙofa. Na ƙarshe ya kira ki ya maimaita saƙon kalma da kalma. Kika ce saboda tsofaffi masu ciwon ido ne. Ko kallon inda nake ba ki yi ba.

Kowa katinsa da sunayen waɗanda zai kira. Nawa ke kika kawo da hannunki, lambobin waya biyu, ɗaya da hoton keke, Renske ke nan, ɗaya da hoton saniya, Baba Durk ke nan, shugaban ƙungiya mai garken shanu. Saniyar ta fi kama da kare, amma na gane.

Litinin ɗin farko ta kowane wata, idan jiniya ta yi kukan gwaji da sha biyun rana, sai ki saki saƙon wasa. Na farko shi ne, "Akuya ta cinye hular fasto." Da ya zagayo wurinki ya koma, "Fasto ya cinye akuya." Kika sa aka sake har sau uku. Na buga wa Baba Durk karo na uku, ya ce, "Yarinya, ki gaya wa tsohuwar nan ina tatsa! Shanun ma sun haddace." Na gaya miki. Kika ce, "Ki ce masa ya ba saniya wayar, ta fi shi riƙe magana."

Mun yi dariya. Amma bara da guguwa ta taso da rana tsaka, ruwa ya hau hanyar gada, ba wanda ya yi dariya. Imke tana gidan renon yara, a wancan ƙetaren. Na riga na sa takalmi, na fito da keke, zan bi ta gadar nan ko ruwa ya kai min wuya. Wayata ta yi ƙara, matar da ke gabana a layi ce. "Yara suna benen coci, duka sha tara, lafiya lau. Kada kowa ya bi ta gada." Na zauna a dakali, na buga wa saniya, na buga wa keke. Minti goma sha ɗaya saƙon ya dawo miki, ko kalma ɗaya ba ta faɗi ba.

Yanzu ga shi ko mako ba ki yi a ƙasa ba, an ce ranar Alhamis za a kaɗa ƙuri'a a soke layin kira, a koma tura rubutu ta waya, wai ya fi sauri. Ban zargi kowa ba. Ba su sani ba ne, don kin rufa min asiri har kika tafi da shi.

Inna, tsoro nake ji. Tun da na ji maganar, in na buɗe famfo sai na tsaya ina kallon ruwan. Wata biyu ya rage in haihu na biyu. Ina kuma tsoron yadda za a dube ni a layin burodi bayan an karanta wannan. To a dube ni. Kunya ba ta kwantar da yaro a asibiti, takardar da ban karanta ba ce ta kwantar da tawa. Kuma ban yarda ni kaɗai ce a ƙauyen nan mai mantuwar tabarau ba.

Ranar Alhamis zan je, zan zauna a gaba da katina. A tura rubutun, ban hana ba, amma a bar murya. In babu mai karɓar kiran ƙarshe, ni zan karɓa. Riƙe magana a ka, ba wanda ya fi ni, da shi na rayu. Renske kuma ta fara koya min haruffa, mun kai harafin farko na sunanki.

Allah ya jiƙanki, Inna Aukje. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da abin da kika yi wa Imke. Ina yi wa ɗanki Harmen da matarsa da jikokinki uku ta'aziyya, da ƙanwarki Inna Tetsje. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu duka.

Baba Durk, uku ga watan gobe Litinin ce. Jiniya na yin shiru zan buga maka. Ko kana tatsa, ka ɗaga.