Ɗan Majalisar da Ke Shayar da Bindigogi

Ranar wata Talata ce, ƙarfe goma da kwata na safe, a shekarar farko ta mulkin farar hula. Kakakin majalisar jiha yana kan kujerarsa, wakilai sun cika zauren, mu 'yan jarida huɗu muna can sama a bencinmu, ni da rikodar gidan rediyo a cinyata. Sai ga Kawu Modu ya shigo a makare, butarsa a hannun dama kamar kullum, masinjoji biyu na biye da shi ɗauke da baƙin allo.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya daɗe yana hedimasta a wata firamare a Limanti kafin mutanen unguwa su tura shi majalisa. Duk wanda ya san shi ya san butar nan ta ƙarfe. A cike take ko da yaushe, da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa Kasuwar Kwastam. Baƙo yakan ɗauka son alwala ne. Mu 'yan gida mun san tana da wani aikin daban.

Kakaki ya dubi allon, ya dubi Kawu, ya ce, "Mai girma wakili, nan fa majalisa ce, ba aji ba."

Kawu ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. A aji idan babba yana magana saurare ake yi."

Ya sa aka juya allon. Ramuka bakwai ne a jikinsa, a dunƙule wuri ɗaya. Ya ba da labarinsu ba tare da ɗaga murya ba. Mai gadin makarantarsa yakan rataye bindigar toka, ɗure da albarushi, a sito da ke bayan aji uku, kuma kwano ne kawai ya raba siton da ajin. Wata safiya yara suka shiga ɗauko tsintsiya, ɗaya ya taɓa kunamar, bindigar ta tashi. A daidai lokacin Malam Bitrus, malamin lissafi, mutumin kudancin Borno, ya sallami wata yarinya daga gaban allo ke nan, ba ta ma kai ga zama ba. Kawu ya ɗora tafin hannunsa a kan ramukan ya ce, "Nan kanta yake."

Ƙudurinsa layi biyu ne. Kada bindiga ta shiga harabar makaranta, ko ta wane ce. Kuma tunda a makarantu ake zaɓe, dokar ta haɗa har da ranar zaɓe.

Wani wakili daga baya ya ce, "To mai gadi ya kori ɓarawo da me?"

"Da usur da gora. Me ke cikin firamare? Alli ne da benci. Ɓarawon da ya zo satar alli ku ƙyale shi, karatu yake so."

Aka yi dariya, aka miƙa ƙudurin ga kwamiti. Ni na karanta labarin da yamma, na ce kwamiti zai kawo rahoto nan ba da jimawa ba. A cikin duk abin da na taɓa karantawa a rediyo, wannan ya fi nisa da gaskiya.

Kawu bai jira kwamiti ba. Duk ranar da majalisa ba ta zama, yakan hau tsohon babur ɗinsa ya bi makarantu. Na raka shi sau ɗaya zuwa Gamboru. Muka tarar da mai gadi a inuwa, tsoho mai fara'a, bindigarsa jingine da bango. Suka gaisa, wushe wushe, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi. Kawu ya ce, "Wannan kuwa kyakkyawa ce. Kawo in gani."

Tsohon ya miƙa masa da alfahari. Kawu ya tsayar da ita bakinta sama, ya kafa mata bakin buta, ya tsiyaya har ta cika ta tumbatsa.

"Ranka ya daɗe, me na yi maka?"

"Kai ba ka yi komai ba. Ita ce na ga tana jin ƙishirwa. A zafin Maiduguri ka bar baiwar Allah a jingine tun safe?"

Ya zaro sabon usur daga aljihu ya rataya wa tsohon a wuya, ya ce ya busa ya ji. Tsohon ya busa cikin fushi, yara suka fito da gudu daga aji suna zaton an tashi tara.

Kafin wata uku masu gadin garin sun koyi ɓoye bindiga da zarar sun ji ƙarar babur. Bai hana komai ba, domin Kawu yana jin warin albarushi kamar yadda wani ke jin ƙamshin gasasshen kifin Baga. Ya taɓa zaro ɗaya daga cikin damin tsintsiya, wata kuma daga cikin tabarmar salla a naɗe. Matarsa Ya Fanna takan ce wa baƙi, "Mijina ya fi kowa yawan alwala a garin nan, sai dai ba kansa yake yi wa ba."

Da zaɓe na gaba ya zo, butar ta samu sabon aiki. A makarantarsa ta Limanti aka kafa rumfa. Kafin a fara, malamin zaɓe ya ɗaga akwatin ƙarfen ya nuna wa jama'a cewa ba komai a ciki. Kowa ya gamsu, ban da mutum ɗaya. Kawu ya leƙa, ya ƙwanƙwasa gindin, ya ɗaga shi ga rana, sannan ya juye masa rabin buta.

Wakilin ɗaya jam'iyyar ya ce, "Malam, akwatin ma ƙishirwa yake ji?"

"A'a. Akwatin da ke yoyon ruwa zai yi yoyon ƙuri'a. Idan kuma yana da ciki biyu, yanzu abin da ke ƙasan zai jiƙe mu gani."

Bai yi yoyo ba. Amma sai da aka kife shi a rana aka jira ya bushe, mutane na layi suna fifita da katin zaɓe. Wata tsohuwa ta ce da ta san wanka za a yi wa akwati da ta taho da sabulu. Kawu ya ci zaɓen, ya koma majalisa da niyyar tono ƙudurinsa daga hannun kwamiti. Bai daɗe ba sojoji suka karɓi mulki, majalisar da kwamitin da ƙudurin duk suka tafi tare.

Shekaru suka wuce. Da aka sake buɗe siyasa, Kawu ya tsufa amma ya ce zai koma ya ƙarasa layi biyun nan. Sai dai dole ya fara cin zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa, kuma a lokacin ana yin zaɓen ƙato bayan ƙato ne: ba akwati, ba takarda, kowa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna a gaban kowa. Wanda ba ya cikin layi lokacin ƙirga, ba shi da ƙuri'a. A filin makarantar Limanti aka yi, Malam Bitrus ne mai ƙirga. Abokin takarar Kawu wani ɗan kasuwa ne Bakano, mai shaguna a Kwastam, mutumin kirki mai yawan jama'a. Ni na je ɗauko rahoto.

Ana shirin rufe ƙofa sai ga maharba goma sha ɗaya, Sarkin Baka a gaba, kowa da bindigarsa a kafaɗa. Duk da abin da ke tsakaninsu da buta, 'ya'yansu ta hannun Kawu suka yi karatu, kuma layinsa suka zo shiga. Bindigogin na murna ne, so suke su buga idan ya ci.

Kawu ya tare ƙofa. "Sarki, ku kam bismilla. Su kuwa a waje."

"Malam Modu, don kai fa muka zo."

"Na gode. Amma makaranta ce."

"Maharbi ba ya ajiye ɗurarriyar bindiga a ƙasa, ba ya kuma ba wa wanda bai sani ba. Ka san haka."

"Ni kun san ni. Ku ba ni."

Maharban suka dubi juna, sannan suka dubi butar. Sarkin Baka ya ce, "Kura ce ke cewa a ba ta ajiyar akuya."

Kawu ya juya da butarsa. Ya je gindin darbejiyar da ke waje da ƙofa, ya juye ruwan butar duka a saiwarta, ya kife ta, ya zauna a benci ya shimfiɗa babbar rigarsa a cinya. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗora masa bindigogin, bakunansu na kallon bango, har suka kai masa ƙirji kamar mai sayar da itace.

Malam Bitrus ya fito ya ce, "Hedimasta, za mu rufe. Idan ba ka shigo ba, ba zan ƙirga ka ba."

"Idan ka ƙirga ni ina waje, Bitrus, ni zan fara kai ƙararka."

Na ce, "Kawu, kawo in riƙe maka, minti goma ne."

"Kai? Rikoda ma sau biyu ka yar a gabana. Je ka yi aikinka."

Aka rufe ƙofa. Malam Bitrus ya bi layin ɗan kasuwa yana dafa kafaɗu, jama'a na amsa ƙirga da baki ɗaya. Ya bi layin Kawu. Ya tsaya, ya share gumi, ya sake bin layukan biyu tun daga farko. Ɗan kasuwa ya fi da mutum ɗaya.

Ya Fanna ce ta fara isa gindin darbejiya. "To ga shi nan. Da ka shigo da kunnen doki aka yi."

"Kunnen doki sai a sake zaɓe, waɗannan kuma su sake zuwa da kayansu, in sake dakonsu. Allah ya hutar da ni." Ya juya gare ni ya ce, "Ka faɗa a rediyo cewa zaɓe ya yi kyau. Ni na kayar da kaina, don haka ba wanda zan kai kotu."

Sarkin Baka ya tambaya ko su buga ko ɗaya ce don girmamawa. Kawu ya ce su buga mana, amma a bakin kogi. Da yamma na karanta sakamakon da muryar da nake karanta kowane sakamako. Da na je gida na tarar da Kawu da ɗan kasuwar a tabarma ɗaya suna shan shayi, yana karanta masa layi biyun nan a hankali kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya.

Mun yi shekaru muna ba da labaran nan muna dariya. Mu da Allah ya ja kwananmu muka ga abin da bindiga ta yi wa makarantun garin nan daga baya, yanzu idan mun yi dariyar mukan ɗan yi shiru a ƙarshenta. Allah ya jiƙan Kawu Modu, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, ya tsare mana yaran da ke gaban allo.

Bai sake tsayawa takara ba, ƙudurin kuma bai zama doka ba. Amma a babban zaɓen da ya biyo baya, ba tare da kowa ya aika musu ba, maharban suka same shi a gindin darbejiyar, suka ɗora masa bindigoginsu a cinya, suka shiga layi. Haka aka riƙa yi a kowane zaɓe har ya rasu.