Tarhon da Ake Rufewa Ran Asabar

Wata Asabar ce a 1977, ina wasan carafke a matakalar gidan da muke haya a Tottenham, sai na ji ihun wasu samarin Turawa masu askin ƙwal-kwabo. Baba suka tare a bakin ƙofa, ya dawo daga kasuwa. Kafin in sauko, sun rotsa masa kai da kwalba, tumatirinsa ya watse a titi, suna cewa ya koma ƙasarsu.

Lokacin kuɗin man fetur ne, gwamnatin ƙasarmu ta turo Baba karatun injiniya. Unguwar ba ta ƙaunarmu, mu ma ba mu ƙaunace ta ba. Maƙwabta sukan ja labule idan Mama ta fito shanya, a makaranta kuwa har yatsa ake sawa a kitsona a yi dariya. Amma wadda na fi tsana ita ce mai gidanmu, Misis Rifka, tsohuwar Bayahudiya mai baƙar magana. Ƙamshin daddawarmu ma laifi ne a wurinta. Tarho ɗaya ne a gidan, a zaure, kuma daga faɗuwar ranar Juma'a sai ta lulluɓe shi da farin ƙyalle, don a addininsu ba a aiki ran Asabar, ko fitila ba ta kunnawa. Mama takan yi tsaki ta ce, "Wannan tsohuwa, ko gobara aka yi sai an jira Lahadi."

Ran nan duk titin suna leƙe ta taga, babu wanda ya motsa. Misis Rifka ce ta fito da sandarta, ta tsaya tsakanin Baba da samarin. Suka tofa mata yawu, suka ce ita ma ba 'yar ƙasa ba ce, ba ta ja da baya ba har suka watse. Ta shigo zaure, ta yaye ƙyallen nan ta kira motar asibiti da kanta.

Da Mama ta je godiya, tsohuwar ba ta ko ba ta kujera ba. Ta ce Attaura ta koya musu cewa rai yana gaba da Asabar, kuma mutanenta sun yi zaman baƙunta a Masar, don haka haramun ne su ga ana cin zalin baƙo su yi shiru. Sannan ta ƙara da cewa a rage daddawa. Washegari samarin suka farfasa mata tagogi, ta share gilashin ita kaɗai.

Baba ya rayu har ya ga jikoki. Yanzu kowa da waya a aljihu, idan ana dukan mutum a titi sai a ɗaga ta a ɗauki hoto. Har Misis Rifka ta rasu ba ta taɓa yi mini murmushi ba, amma a duk titin nan ƙofarta kaɗai ta buɗe.