Garin da na zuba wa ɗana a kunu

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da shida, ina aikin nas a wani asibiti, muna zaune a ƙasar waje, a garin Springfield, ni da maigidana da 'ya'yanmu uku. Mace ce ni mai ji da kanta a kan sanin magani. Duk 'yar Arewar da ke yankinmu, in ɗanta ya yi zazzaɓi ni take kira kafin ta kira likita, ni kuwa ina ba da shawara kamar wadda ba ta taɓa kuskure ba. Na rubuto muku ne saboda abin ya daɗe yana ci na, kuma ba ni da bakin faɗarsa a gaban waɗanda suka san ni.

Ɗana na fari ɗan tseren keke ne, kuma da shi yake ci yake sha. Yana da shekara ashirin da ɗaya wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi da kwantiragi. Yana tsere a kan titi, yana kuma yi a wani zagayayyen fili mai karkatattun gefuna kamar akushi, inda kekunan ko birki ba su da shi. Babansa injiniya ne, da farko cewa yake keke abin hawan ɗan aike ne, amma da ya ga takardar kwantiragi sai ya koma yi wa mutane labarinsa a ƙofar masallaci. Ni kuwa, da yake shi ɗan fari ne, kunyarsa nake yi kamar yadda na ga uwata ta yi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zuwa kallon tserensa ba, ko ya ci kofi iyakata in ce Allah ya ƙara. Shi a nan aka haife shi, bai gane wannan ba, ya taɓa tambayata da Turanci ko sana'arsa ce ba na so. Hanya ɗaya da na sani ta nuna masa ƙauna ita ce abinci, shi kuma abincinsa a kan sikeli yake aunawa.

Masu wannan sana'a ba sa son nauyi. Yaron ya rame, wuya kamar mariƙin lema, shi kuma murna yake yi wai yanzu ya fi iya hawan tudu. Wata rana muka je suna a Largo, ya kai ni a mota, ya shigo ya gaida mata. Yana fita aka fara. Wannan ta ce nas guda amma ɗanta kamar kazar mayu, waccan ta matso ta rage murya ta tambaye ni ko wata lalura ce muke ɓoyewa. Na yi dariya tare da su, amma maganar ta tsaya mini a rai har na dawo gida.

Ba zan ce bai gargaɗe ni ba. Ya sha gaya mini cewa masu gwaji suna iya zuwa kowane lokaci su ɗebi fitsarinsa, kuma ko maganin mura ba ya sha sai ya tambayi likitan ƙungiyarsu. Na ji, amma na ɗauka maganar magungunan Bature ake yi, ina ruwan gwaji da ganye da sassaƙe. Wata ƙawata da ta dawo daga gida ta kawo mini garin magani a farar leda, ba suna ba takarda, ta ce na gargajiya ne zalla, yana buɗe ciki yana ciko da jiki. Ni da nake faɗa wa marasa lafiya kada su sha abin da ba su san asalinsa ba, na karɓa da hannu biyu. Kunun gyaɗa ne kaɗai yake sha daga hannuna ba tare da ya auna ba, saboda tun yana ƙarami yake son sa. Kullum da safe sai in zuba ƙaramin cokali a kofinsa in juya. Na yi haka kusan mako uku. Ya fara cin abinci sosai, har yana cewa yana jin ƙarfi, ni kuwa ina jin daɗi a raina ina ganin na iya.

Bayan wani tsere aka gwada shi, ba a daɗe ba saƙo ya zo cewa an samu haramtaccen sinadari a jikinsa, irin mai gina tsoka. Da ya karanta mana sunan sinadarin nan take na gane daga inda ya fito, domin na san shi a wurin aiki, na kuma san masu haɗa garin ƙiba suna daka ƙwayoyi irin wannan su gauraya. Babansa ya tashi da faɗa, ya ce ba a san gidanmu da maguɗi ba, ya faɗi gaskiya wa ya ba shi. Yaron da kullum da Turanci yake amsa mana, ranar da karyayyiyar Hausarsa ya dinga rantsuwa da Allah yana kuka, yana ce wa babansa shi bai sha komai ba. Ina tsaye a ƙofar kicin ina kallonsu.

Lauyan da ya samu ya ce akwai mafita ɗaya. A tattaro duk abin da ya ci ko ya sha a kai a gwada, in aka gano inda sinadarin ya fito kuma ba da saninsa ba ne, za a sassauta hukunci, sunansa kuma ya wanku. Ya kwashe duk robobin kayan ci da sha da ke ɗakinsa, sannan ya zo ya same ni ya tambaye ni a hankali, yana ce mini Umma, ko akwai abin da nake sa wa a kunu. Na ce masa gyaɗa ce da shinkafa da tsamiya. Yana fita na ɗauko sauran garin na juye a masai na kora ruwa, ledar kuma na kai ta can bolar asibiti. Tsoron maigidana nake ji, da tsoron rasa lasisin aikina, da bakin matan nan da za su ce nas ta shayar da ɗanta ƙwaya. Na yaudari kaina cewa gargaɗi kawai za a yi masa tunda laifin farko ne.

Shekara huɗu aka dakatar da shi. Ƙungiyar ta soke kwantiragi, abokan tserensa suka daina ɗaga wayarsa, babansa ya daina amsa gaisuwarsa. Ya sayar da kekunansa, ya bar gidan, ya kama aikin gyaran keke a wani shago a Annandale. Shekara biyu ina ɗauke da wannan abu, ina sallah ina azumi, ina kallon uba da ɗa sun zama kamar ba su san juna ba. Ranar wata ƙaramar Sallah ya zo gaisuwa ya durƙusa, uban ya tashi ya bar masa falo. A nan na kasa. Na kira su duka biyun na faɗi komai, har da inda na zubar da garin.

Maigidana ya kama hannun ɗansa yana neman gafara. Yaron bai yi mini tsawa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya ce garin bai dame shi ba, ya san don ina son sa na zuba, abin da ya kasa fahimta shi ne yadda na tsaya ina ji ana kiransa maƙaryaci. Mun koma wurin lauya, ya ce ba tare da garin ba, maganata ba ta wuce ta uwar da ke son ceton ɗanta ba. Ƙawata kuma ta ce a hannun wani mai talla ta saya, ba ta san inda za ta gan shi ba.

Hukuncin ya ƙare, amma ba ƙungiyar da ta neme shi, shekarun ƙarfinsa sun tafi. Ya ce ya yafe mini, ina kuma roƙon Allah ya yafe mini. 'Yan uwana mata, kada surutun gidan biki ya sa ki zuba wa ɗanki abin da bai sani ba, kuma duk garin da ba a san mai haɗa shi ba, kalmar gargajiya ba ta wanke shi. In kuma kin riga kin yi kuskure, ki faɗa tun faɗar tana da amfani, kunyar rana ɗaya ce. Kuskurena na farko rashin sani ne, na biyun kuwa da idona buɗe na yi shi. Har yau duk wanda ya nemi sunan ɗana a intanet, abin da zai fara gani shi ne ya yi maguɗi, kuma hujjar da za ta goge wannan ni na zubar da ita da hannuna.