Ɗango Sha Huɗu a Kan Keken Ɗinki

Muna shekara goma sha ɗaya da aure uwargidana ta ce ran Juma'a za ta tafi garin Fau wurin iyayenta, kuma kada in tambaye ta ranar dawowa. Laifina? Wai ban taɓa gaya mata magana mai daɗi ba, alhali maƙwabcinmu direban tarakta kullum sai ya rera wa matarsa dobet, waƙar nan ta Larabawa mai ɗango huɗu. Hankalina ya tashi, don Allah ya sani ina son matar nan, bakin ne ke da nauyi.

Ni tela ne a kasuwar Gadarif, a ƙasar Sudan. Wani ustaz da nake ɗinka wa jallabiya ya ji kukana, ya ce Turawa na da wata waƙar soyayya mai ɗango sha huɗu. Kowane ɗango bugu biyar, amsa-amo ana tsallake ɗaya, biyun ƙarshe kuma su zo iri guda. Na ce yauwa! Direba huɗu, ni sha huɗu, a ga wanda ya fi son matarsa.

Auna karin waƙar ne ya so ya gagare ni, sai na gano ƙafar keken ɗinkina. In taka sau biyar, ɗango ya cika. Kalmar da ta yi tsawo in datse ta kamar hannun riga. Kwana uku ina abu ɗaya, har na ɗinke wa wani mahauci aljihunsa ruf.

Ran Alhamis da la'asar na tsaya gaban uwargida, na gyara murya. Ɗif! Ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Ashe waƙar a ƙafata ta zauna, ba a kaina ba. Na ruga kasuwa, na ɗoro keken a amalanken jaki, na girke shi a tsakar gida. Ina takawa ina rerawa, ido a lumshe, gumi sharkaf, har na dire ban karya kari ko sau ɗaya ba.

"Malam," in ji ta, "wallahi ƙarar keke kawai na ji."

Na ɗaga ƙafa zan sake, ta dafe keken. "Bar shi. Faɗa min da bakinka."

Na lalubi kari, babu. Amsa-amo ma ya gudu. Na ce, "Kada ki tafi. In kin tafi ban san yadda zan yi da raina ba."

Ta goge ido da gefen mayafi.

"Ba inda za ni," ta ce. "Amma sake faɗa, a hankali. Ban ƙoshi ba."