Ranar da Na'urar Illela Ta Daskare

Mun tashi daga Konni ana idar da sallar asuba, ni da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci. Ku da muke aji ɗaya kun san dalilin tafiyar, amma bari in faɗa saboda waɗanda ba su sani ba. Ina da baffa a wani ƙauye kusa da Illela, yayan mahaifina, shi ne na ƙarshe a gidanmu da ya yi sana'ar ginar rijiya. Yana duban ƙasa da itatuwa ya ce a haƙa nan, a haƙa a sami ruwa. Yanzu ya tsufa, ciwon ƙirji ya cinye shi. Malam ya ce mu je mu rubuta abin da ya sani, a buga ɗan littafin karatu da shi. Rakodar cibiyarmu ta lalace tun bara, amma an ce akwai ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, a wani buro, ofishin aikin raya karkara, a Illela, kuma sun yarda su ara mana yini guda.

Motar da muka samu tsohuwa ce, ƙofarta da igiya aka ɗaure. Kuɗin mota ya ƙaru, kamar yadda kome ya ƙaru tun da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, kuma direba bai saurari ciniki ba. A Tsarnawa muka karya hagu muka kama hanyar Tawa. Bazara ce, gonaki tsirara, ba kome sai kututturan karan gero da awaki masu neman inuwa. Duk rijiyar da muka wuce mata sun kewaye ta, igiyar guga tana ta tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Jandarma sun tsayar da mu sau biyu. Na biyun ya daɗe yana juya disket, ɗan faifan ajiye rubutun na'ura da ya gani a aljihun malam, daga baya ya tambaya ko ana jin waƙa a ciki.

A Badagishiri muka sauka muka sha fura, mai tsami sosai, mai furar kuma ta rantse ta safiyar nan ce. Daga nan kwalta ta ƙare mana. Muka hau bayan wata motar kaya tare da buhunan albasa, muka isa Illela da warinsu a jikinmu.

Na tarar da Baffa ya rame fiye da yadda aka gaya mini. 'Yarsa da ke jinyarsa ba ta so a ɗaga shi ba, sai da shi kansa ya sa baki. Washegari da hantsi muka shimfiɗa masa tabarma a amalanken shanu muka kai shi buron. A bakin ƙofa ya kafa sharaɗinsa. Sanin rijiya a gidanmu ba a faɗa wa bare, daga uba sai ɗa. Don haka malam da sakataren buron za su zauna waje.

"Kai ɗan ƙanena na, kai zan hwaɗa ma," in ji shi. "Abin da ka yi da shi bayan nan, wuyanka."

Kun san yadda nake rubutu a na'ura. Da yatsa biyu nake yi, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar wake a ƙasa. Na'urar Illela da tamu ta Konni kamarsu ɗaya: baƙin allo, koren rubutu, malam ma ya duba ya ce tsarin rubutun ɗaya ne. Baffa ya jingina da bango ya fara. Yakan faɗi magana guda, ya yi tari, ya jira ni. Ya yi maganar itatuwan da saiwarsu ke bin ruwa, da irin gidan garar da ake dubawa, da launin ƙasar da in ka kai gare ta za ka san ka kusa, da wadda in ka gan ta gara ka fito kafin ramin ya rufta da kai. Tun hantsi muke har aka yi azahar aka wuce. Janareta yana ta ruri a bayan ɗaki, zufa tana ɗiga daga haɓata. Ban katse shi ba ko sau ɗaya, don na ga da ƙyar numfashin ke zuwa.

Da ya ce ya gama, sai na yi abin da aka koya mana a aji. Na danne maɓallin kusurwa, wanda malam ke kira kwantarol, na haɗa da S. A Konni in ka yi haka na'ura takan ɗan yi ƙara, ta ajiye aikinka. A nan ba ta ce kome ba. Ɗan hasken da ke ƙyaftawa a ƙarshen layi ya tsaya cak. Na taɓa harafi, bai fito ba. Na taɓa wani, shiru.

Na kira malam, ya gwada nasa, bai samu ba. Sakataren ya shigo, mutum mai kirki, ya ce shi da wani maɓalli na layin sama yake ajiye aikinsa, bai taɓa haɗa waɗannan biyun ba. Ya danna nan, ya danna can. Muka jira har la'asar ta gabato, lokacin da ake kashe janareta. A ƙarshe ya ce abin da yakan yi in ta ƙi motsi shi ne ya kashe ta ya kunna, wataƙila ta riga ta ajiye. Dukanmu muka yarda. Da ta dawo, allon fayau yake.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko akwatin ya riƙe, na ce bai riƙe ba. Ya ce to ni ai na ji. Ban iya gaya masa gaskiyar abin ba: mai neman haruffa ba ya jin magana. Kunnena na karɓa, yatsuna na zubarwa, kaina kuwa yana wajen inda K take da inda W take. A hanyar komawa ƙauye tari ya sarƙe shi, daren nan bai iya ko shan kunu ba. Da safe 'yarsa ta tare ni a zaure ta ce ba za a sake ɗora shi a amalanke ba. Ban yi mata musu ba, ita ce da gaskiya.

A dawowa malam ya ce mu ratse Malbaza, akwai wani masanin na'ura da ya sani a wani buro kusa da masana'antar siminti, ko zai ciro wani abu daga disket ɗin. Garin fari fat da ƙurar siminti, har ganyen itatuwa. Muka ci dambun zogale a bakin hanya muna jiransa. Ya duba disket ɗin, ba kome a ciki. Da na kwatanta masa abin da ya faru, sai ya zaunar da ni gaban tasa na'urar, ya ce in rubuta sunana, in danna maɓallan nan biyu. Ta daskare kamar ta Illela. Ya ce in ci gaba da rubutu, na yi, ba abin da ya fito. Sai ya miƙo hannu ya danna kwantarol da Q. Nan take duk haruffan da na danna suka zubo a allo, ba wanda ya ɓace.

Ya yi mana bayani cewa ba duk na'urori ne suka yi shawara da juna ba. A wata, maɓallan nan na nufin ajiye. A wata kuma allon ne ke tare su tun kafin su isa ga tsarin rubutun, ya ɗauka an ce masa dakata. Ya ce masu haɗa waɗannan abubuwa ya kamata su daidaita su, ko aƙalla allon ya rubuta cewa jira yake. Ni dai abu guda na ji: maganar Baffa tana nan a ciki duk tsawon lokacin da muke tsaye a kanta, ba abin da ya same ta, sai da muka kashe da hannunmu.

Daga Malbaza zuwa Konni ba nisa. Mun iso bayan la'asar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, ku riƙe shi. In kun zauna gaban na'urar da ba taku ba, ku rubuta layi ɗaya ku gwada ajiye shi kafin wani tsoho ya buɗe bakinsa. In ta daskare, kada ku yi saurin kashe ta.

Jiya na je cibiya na rubuta abin da ya rage a kaina. Bai cika rabin allo ba. Na tuna akwai ƙasar da in ka gani sai ka fito daga ramin, amma na kasa tuna ko ja ce ko baƙa. Na danna maɓallan nan biyu, tamu ta yi 'yar ƙararta, ta ajiye.