Dogaran Bangon Kudu

Har yau in na ga gwangwanin jan fenti, sai na tuna ranar Talatar da aka tura ni duba wani masallaci a wani ƙauye gaba da Makoda. Lokacin ina ƙaramin jami'in gine-gine a sashen ayyuka, shekarata biyu da kama aiki. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, takin zamani ya yi ɓatan dabo, albashi ma sai an ga dama. Ƙa'idarmu kuwa ita ce, in an kawo ƙorafin gini jami'i ya je ya duba, in ya ga haɗari ya shafa jan fenti, ya rubuta rahoto, cikin kwana bakwai a rushe. Shugaban sashenmu bai ɓoye min komai ba. Ya ce, "Ka shafa ka dawo. Ka kuma gaya musu ba mu da halin gina sabo."

Masallacin na ƙasa ne mai rufin bakan gizo, wato azara ce aka ɗaura hawa-hawa aka lulluɓe da laka har ta haɗe a sama, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Bangon kudu ya tsage, tafin hannuna na shiga tsagar. Saura wata biyu damina. In na bar shi ya faɗo wa sahu, alhaki na wuyana. In na shafa fenti, gari ya rasa masallacin Juma'a. Ni kuwa da rawar kan ɗan boko, har na buɗe gwangwani.

Sai wani tsoho ya riƙe min hannu. Baba Sale sunansa, magini ne, mahaifinsa ne ya yi ginin. Ya ce, "Malam Injiniya, ka zaga baya tukuna." Ni ba injiniya ba ne, amma ban gyara masa ba.

A bayan bangon arewa na ga tarin ƙasa uku masu faɗin gindi manne da bango, kamar an raba rumbu biyu an jingina. A kudu babu, sai tabonsu. Baba Sale ya ce, "Dogaran bango ke nan. Bakan nan ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, waje yake turawa, su ke tare shi. Jinyar wata huɗu na yi a birni, na dawo na tarar an kwashe."

Kunya ta rufe ni. A makaranta an koya mana yadda maginan Turai na zamanin baya suka gina manyan majami'u na salon Gotik. Suna son tsawo da haske, sai suka rage kaurin bango, suka ɗora nauyin rufi a kan bakuna masu tsini, suka kafa dogarai a waje don kada bango ya buɗe. Na zana wannan a jarrabawa na ci da kyau. Ga shi a gabana da laka, ban gane shi ba.

Na tambayi jama'a wa ya kwashe. Kowa ya sunkuyar da kai. Can Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Har da ni, ɗana. Tsohuwar ƙasar gini taki ce, kowa ya sani. Gonakinmu sun gaji, babu na saya. Muka ga tuddan nan zaune ba sa aikin komai." Wallahi tausayinsu ne ya kama ni, ban ga abin yin faɗa ba.

Na rufe gwangwanin. A rahoto na rubuta a rufe masallacin, a tokare bakan da itace, a ba su kwana arba'in su gyara. Shugaba ya karanta ya kalle ni ta saman tabarau. "In ya faɗi, sa hannunka ne a nan." Na ce na sani, ranka ya daɗe.

Kwana arba'in ɗin nan a gindin tsamiya aka yi Juma'a. Baba Sale ya ƙi a haƙa kududdufi, ya ce wanda ya ɗiba shi zai mayar. Na ga jakuna da mangala suna fitowa daga gonaki, kowane magidanci yana kankaro fuskar gonarsa, ana shirin shuka. Liman da kansa ya cuɗa laka da ƙafa. Ruwan farko ya sauka bayan an gama dogari na uku da kwana biyar, bangon bai motsa ba.

Ku matasa da kuka shigo aikin nan, abin da na koya ke nan: kada ku yanke wa gini hukunci daga ƙofar gaba, kuma kada ku raina abin da kuka gani zaune kamar ba ya aiki. Mutanen nan sun san ƙasar da suke mayarwa hatsin 'ya'yansu ce. Geron Liman bai yi kyau ba a shekarar. Da na yi masa jaje a bakin masallaci, bangon kudu ya dafa, ya ce, "Ai ga gonata nan a tsaye."